Shatin Yatsan Yaya

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya fi tausayin ƙarfe a kan jikinsa. Shagonmu na fotokwafi yana manne da gidan da muke haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin soro. Daga bakinsa kana hango 'yan adaidaita sahu suna sauke ɗaliban jinya na asibitin koyarwa, da fararen kayansu da manyan littattafan da ba kowa ke iya saye ba. Su ne masu cinikinmu. Mutum ɗaya zai aro littafi, aji guda ya biyo shi mu buga wa kowa nasa. Da wannan muka ci muka sha, muka sa 'ya'yanmu mata biyu a makaranta, ba mu taɓa tsayawa a ƙofar wani ba.

Injin tsoho ne, ɗan gwanjo, ƙato kamar an kwantar da firij. A cikinsa akwai wani bututu mai sheƙi, kore-kore, tsawonsa bai wuce muciya ba, masu sana'ar suna ce masa durom. Shi ne ran injin. Maigidan ba ya gajiya da bayaninsa, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Ya ce an shafe bututun da wani sinadari mai hali ɗaya: a duhu yana riƙe wutar lantarki, haske na taɓa shi sai ya sake ta. Inji zai haska takardarka ya jefa hasken a jikin durom. Inda takarda take fara wuta ta gudu, inda rubutu yake ta zauna, sai baƙar hoda ta manne a wurin, ta sauka a kan sabuwar takarda, zafi ya gasa ta. Ya ce waɗanda suka ƙago abin sun yi shekara da shekaru suna neman sinadarin da zai yi wannan biyayyar, su gwada wannan su zubar, su gwada wancan. Ni kuwa sai in ce masa to Allah ya ba su lada, shi kuma ya zo ya ci tuwonsa kafin ya huce.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Hasken da durom ya saba da shi na ƙiftawar ido ne. In ya daɗe a rana ya makance ke nan, kuma ba ya warkewa. Ba a kama shi a tsakiya, sai ta baki biyu, yadda ake sauke tukunya daga wuta.

Da irin durom ɗin injinmu ya ɓace a kasuwa, kowa ya ce masa ya haƙura ya sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Ya ƙi. Ya yi ta yawo har ya gano durom ɗin wani inji daban mai kauri ɗaya da namu, haƙoran da ke bakinsa ne kawai suka bambanta. Ya rufe tagar ɗakin baya da baƙin yadi, ya zauna da magagari yana cire haƙoran matattun namu yana gogewa yana dasa wa sababbin. Ya ɓata da yawa kafin ɗaya ya yarda ya juya, kuma duk wanda ya ɓata na yi masa mita a kai. Ranar da takarda ta farko ta fito tas, sai da ya shigo da ita har madafa yana nuna mini kamar an yi masa haihuwa. Daga nan duk inda ya ji labarin irin wannan durom ɗin sai ya je ya sayo, don su ma sun fara ƙaranci. Ya gyara kowanne, ya naɗe a baƙar leda, ya ƙara da baƙin yadi, ya jera a akwatin ƙarfe na lefena, ya tura ƙarƙashin gadonmu. Yakan buga akwatin da tafin hannu ya ce, "Makarantar yaran nan ce a nan ciki." Ya koya mini canza durom da kaina, ƙofa a rufe, har hannuna ya faɗa. Dasa haƙoran ne bai kai ga koya mini ba, kullum sai ya ce akwai lokaci.

Babu lokacin. Da bazara ciwo ya kayar da shi, bai daɗe yana jinya ba ya cika, a asibitin da ya ƙare rayuwarsa yana buga wa ɗalibansa takardu.

Wansa, wanda duk muke kira Yaya, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gini, gidansa a Daurawa. Ba zan ce mugu ba ne, in na faɗa na yi ƙarya. Mutum ne dai da tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba". Ana share makoki ya tsaya a bayan labulen ɗakina ya ce 'ya'yana gidansa za su koma, ni kuma in na gama takaba in koma wurin dangina.

Na ce, "Yaya, shagon nan zai riƙe mu. Na iya aikin."

Ya ce, "Mace da inji?"

Gwaggonsu, wadda aka ajiye ta zauna da ni zaman takaba, ita ta raba gardamar. Ta ce a bar ni in gwada. In shago ya riƙe mu, yara suna hannuna. In ya kasa, Yaya ya ɗauka, babu ƙorafi. Na amsa da sauri, don na san abin da ke ƙarƙashin gadona.

Saura rabon gado. Tun da ba mu da ɗa namiji, Yaya da sauran 'yan uwansa suna da kaso, kuma ni ban taɓa jayayya da rabon Allah ba. Al'adar gidansu ce ta kashe ni. Wai lokacin mutuwar mahaifinsu an yi rigimar ɓoye kaya har zumunci ya kusa tsinkewa, shi ya sa suka ɗaura wa kansu doka: duk abin da mamaci ya bari, daga allura har ƙofar da ya saya da kuɗinsa, sai an fito da shi fili da rana tsaka kowa ya gani da idonsa. Suna alfahari da wannan dokar, suna cewa su ba sa rabo a ɗaki.

Ranar da aka sa, babu wuta, shagon kuma ƙarami ne mai duhu, sai aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ina daga ɗaki ina jin ana fitar da kayansa, kujeru, janareto, kekensa, rigunansa. Gwaggo tana zaune a bakin ƙofa da carbinta. A wurinta mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta leƙa soro, balle ta tsaya a gaban maza. Sai na aika a kira mini maƙwabciyata, wadda duk layin ke ce wa Anti, malamar firamare ce 'yar Kudancin Kaduna, katangarmu ɗaya shekara da shekaru. Ita ta san akwatin, don ta sha zuwa ta tarar da maigidan a ɗakinsa mai duhu ta tsaya tana yi masa tsiya.

Na ce, "Anti, don Allah ki je ki gaya wa Yaya akwai akwati a ɗakina, na marigayi ne, ban ɓoye ba. Amma kar a buɗe shi a waje. Su shigo nan a rufe ƙofa a nuna musu ɗaya bayan ɗaya. Rana tana kashe abin da ke ciki."

Ta je ta dawo fuskarta ba daɗi. Ta ce Yaya ya yi dariya ya ce shi bai taɓa jin ƙarfen da rana ke kashewa ba, shi da yake sayar da kwano da rodi a fili shekara nawa. Ta ce kuma ya juya ya ce wa mutane, "Kun ji ko? Akwati a ƙarƙashin gado, da kwaɗo, kuma wai kar a buɗe sai a duhu. Ruwa ba ya tsami banza."

Na sake tura ta, wannan karon wurin malamin da aka ɗauko don rabon. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce a gaya mini in yi haƙuri, ba a raba abin da ido bai gani ba, amma shi bai ga laifi ba in an shiga ciki an duba. Yaya ya ce a gidansu ba a yin haka, abin da ya haɗa su faɗa a baya ke nan. Anti ta ce to a kira kowane mai gyaran inji a titin Gidan Zu a tambaye shi, ba nisa. Wani ƙaninsu ya ce mata, "Madam, mun gode, amma wannan magana ce ta dangi." Ta dawo tana huci, ta zauna kusa da ni.

Aka aiko a karɓi makulli. Na hana, kuma ko yau aka maimaita zan hana. Ƙannen Yaya biyu suka yi sallama suka shigo, suka ja akwatin suka fita da shi ina kallo, Gwaggo ta danne mini gwiwa da hannunta. Da gudumar maigidan suka fasa kwaɗon. Na san ƙararta.

Sauran abin da ya faru, Anti ce ta gani ta ba ni labari daga baya. Ta ce da suka ga baƙaƙen ƙunshi a jere, kowa ya miƙa wuya. Suka warware na farko, suka ga bututu. Suka girgiza shi. Wani ya ɗaga shi sama ya leƙa ramin ta wajen rana ko an cusa wani abu a ciki. Da ba su ga komai ba suka ce ai ba a na farko ake ɓoyewa ba, suka warware na biyu, suka warware na uku, har suka kai ƙarshen akwatin. Ba zinare, ba takardar fili, ba komai. Suka jera su a tabarma tsirara, suka tara ledojin da yadin gefe guda, kowa ya koma yana kallon ƙasa. Ta ce ta roƙe su ko da tabarma ce a rufa musu, Yaya ya ce a bar su a haka, akwai 'yan uwan da ba su iso ba, kar a ce an rufe wani abu.

Sai aka kira azahar. Na ji takunsu sun tafi masallaci, na ji sun dawo, na ji an fitar musu da shinkafa da wake da mai da yaji, wanda da kuɗin cefanena aka dafa. Wanda ya san ranar Kano ta bazara ya san abin da nake nufi. Ina zaune zufa tana bin bayana, ina lissafa abin da ke faruwa a tabarmar nan, Gwaggo tana ce mini in yi ta salati.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ture hannun Gwaggo, na ratsa tsakar gida, na bi ta soro na fito. Ga su nan a jere suna walƙiya a rana. Yaya yana zaune a inuwar bango, ya gama cin abinci bai ko wanke hannu ba, ya ɗauki guda ɗaya yana jujjuya shi, babban yatsansa a dafe a tsakiyarsa.

Na ce, "Yaya, ajiye! Ajiye, don girman Allah! Kun kashe ɗan uwanku sau biyu!"

Na durƙusa ina kwasarsu ina zubawa a hijabina, suna ƙona mini hannu kamar dutsen guga. Na fizge na hannun Yaya. Ya dube ni ya ce, "Subhanallahi. A kan bututu?" Gwaggo ta biyo ni tana salati tana cewa na kunyata su, na kunyata mamaci. Har yau a danginsu abin da ake tunawa da wannan ranar ke nan, matar da ta fito daga takaba tana ihu a kan dukiya. Babu wanda ke tuna abin da ke kan tabarmar.

Aka yi rabo lafiya. Babu mai son tsohon inji, babu mai son bututu, sai suka faɗo a kasona da na yara. Ɗan abin da ya hau na Yaya a ciki ya ɗaga hannu ya ce ya bar wa marayu. Jama'a suka yi ta cewa Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci.

Na tuna maigidan ya taɓa cewa in haske kaɗan durom ya sha, a mayar da shi duhu ya huta, wani lokacin yakan farfaɗo. Na sake naɗe su da hannuna, na mayar ƙarƙashin gado, na bar su har na fita takaba. Kullum in na yi sallah sai na dubi wajen akwatin.

Na buɗe shago. Anti ta taya ni shara, ɗalibai suka dawo suna yi mini gaisuwa, wasu har da hawaye, don yana yi musu ragi kuma yana ba su labarin da ba su tambaya ba. Durom ɗin da ya bari a cikin injin ya ja mu wani lokaci, ciniki ya fara tsayawa da ƙafarsa, na biya wa yara kuɗin zango ban nemi kowa ba. Sannan ya tsufa, kamar yadda kowanne ke tsufa, rubutu ya fara dushewa. Na rufe ƙofa, na ɗauko na akwati, na yi bisimilla na saka.

Takarda ta fito da zane-zane, nan fari, nan toka-toka, nan fari, nan toka-toka, tun daga sama har ƙasa. Gefen da ya kwanta a tabarma ya tsira, gefen da ya kalli sama ya ƙone, to duk juyin da zai yi sai ya ba ka rabin lafiya rabin cuta. Na cire na sa wani. Haka. Na sa wani. Haka. Na zauna a ƙasan shagon, hannuna baƙi ƙirin da hoda, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawarsa.

Ɗaliban sun yi mini kara iyakar iyawarsu. Amma wata rana wata yarinya ta dawo da takardarta, ta rage murya don kar na waje su ji, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, nan wurin awon magani ne, kuma lambar ta shige cikin baƙin. Ba zan iya karanta abin da zan ba mara lafiya da ka ba." Me zan ce mata? Gaskiyarta ce. A hankali suka koma shagunan titin Gidan Zu, wasu kuma dama sun fara ɗaukar shafi da waya. Na bi kasuwa neman durom, na kira masu gyara. Kowa ya ce irin wannan ya ƙare, kuma ko an samu, mai dasa masa haƙora yana kabari.

Sai daga baya na kai ga na can ƙasan akwatin, shi kaɗai ne ya fitar da rubutu mai kyau, wanda na fizge daga hannun Yaya. Ashe ya fi sauran samun inuwa. Na yi hamdala da na ga shafin farko, sannan na duba da kyau. A tsakiyar takardar akwai shatin babban yatsa, ƙasa kaɗan ga shi kuma, ƙasa kaɗan ga shi kuma, duk juyi ɗaya dangwale ɗaya. Man da ke hannunsa ya kama jikin durom mai zafi ya zauna. Na goge da auduga da sifirit yadda maigidan ke yi, ya ɗan dushe amma ya ƙi fita. Da shi na ci gaba da aiki, don ba ni da wani. Duk takardar da ta fita daga shagona a watannin nan, ta jarrabawa ce, ta haihuwa ce, ta neman aiki ce, da yatsan Yaya a jikinta. 'Yan layin har suna tsokanata wai shagon mai dangwale. Ina taya su dariya, ta ciki na ciki.

Wannan durom ɗin ma ya tsufa ya mutu. 'Yan gwangwan suka zo da kura suka ɗora injin a sikeli, da shi da bututun duka, ba su ko tambayi mene ne ba. Alkawari kuma alkawari ne, Gwaggo tana raye ta tuna mini. Yaya ya turo mota aka kwashi yaran da kayansu zuwa Daurawa. Ni na koma ɗakin da yayata ta ba ni a Darmanawa, ina taya ta ƙulla kayan miya. Shagon yanzu wani ne a ciki yana cajin waya.

Yaya yana riƙe su da kyau, wannan ma ba zan ɓoye ba. Suna cin mai kyau, suna makaranta, da sallah ana yi musu ɗinki tare da nasa. Duk unguwar ana ba da misali da shi a riƙon marayu. Sau ɗaya na gwada gaya masa abin da ranar nan ta yi wa kayan ƙaninsa, na yi masa bayanin duhu da haske yadda aka yi mini. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi murmushi ya ce, "Ke dai inji ya tsufa kawai. Ai na gaya miki tun farko." Ban ƙara tayar da maganar ba. Bai san ya yi ba, ba zai taɓa sani ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Wanda ya cuce ka da gangan ko ba komai ya san da kai.

Ran Juma'a nake zuwa ganinsu. In shiga in durƙusa in gaishe shi, in yi masa godiyar ɗawainiya, ya ce ba komai ai nasa ne. Babbar takan zauna kusa da ni, ita ta san komai. Ƙaramar ta fara mantawa, in na tashi tafiya rakiyar baƙuwa take yi mini zuwa bakin ƙofa ta juya da gudu. Makon da ya wuce ta kawo masa sakamakon jarrabawarta ina zaune, ta wuce ni ta miƙa masa. Ya duba ya sa mata albarka, ya dafa kanta. Kowa a ɗakin yana kallon fuskarta, ni ina kallon babban yatsan da ke kan ɗankwalinta. Na san shi fiye da mai shi, layukansa da suka karkata hagu, da ɗan tabon da ya ratsa tsakiya. Ya ɗago ya ce in sa mata albarka ni ma, na ce Allah ya yi albarka, na nemi takalmina.